Rundunar Cikin Duro

Litinin, 3 ga Maris

Tarihi ya shaida: yau ni, ƙaramin ma'aikacin gidan ruwa, na ƙaddamar da yaƙi a tsakar gidanmu. Abokin gaba shi ne manganis, sinadarin da ke cikin ruwan rijiyarmu, mai bar wa Inna baƙin ɗigo a kan fararen zannuwan da take wanke wa masaukin baƙi. Manajan ya ce in aka sake kawo masa zane mai tabo, zai nemi wata mai wankin.

Injiniyanmu na gidan ruwa ya ba ni guga guda na tsohon yashin matatarmu. A jikinsa akwai halittun da ido ba ya gani, masu kama manganis su maƙale shi a yashi. Na juye a duron da ruwan wankin zai riƙa bi ta ciki. Sai sun yi makonni kafin su kankama.

Alhamis, 6 ga Maris

Inna ta ce, "Farfesa, me ka ajiye mini a duro?" Na gyara murya na yi jawabi mai tsawo a kan rundunar ƙwayoyin cuta masu albarka. Ta ce, "To."

Asabar, 22 ga Maris

Yashi ya yi baƙi, alamar nasara!

Lahadi, 23 ga Maris

An yi kisan kiyashi. Inna ta tuttula bilic a duron, ta dirje yashin tas. Duk jawabina kalma ɗaya ta riƙe. "Da bakinka ka ce cuta. In zauna da cuta a gida, ga jikoki?" Da na gaya wa Injiniya ya yi dariya har da tari, sannan ya ce in zo da guga in ɗebi wani yashin.

Talata, 25 ga Maris

Na zauna kusa da ita, ba jawabi. Na ce kamar abin da ke mayar da madara nono ne, baƙin kuwa dattin da suka cire. Ta ce, "Da can bakinka ciwo yake yi?"

Manajan ya ƙara mata wa'adin wata guda, da ƙyar.

Laraba, 16 ga Afrilu

Zannuwa sun bushe fes. An karɓa, an ba ta wasu.

Tana ninki ta ce, "Ka gaya wa mutanenka na gode." Na ce ba su da kunne, Inna. Da ta shiga ɗaki dai na je na ɗaga murfin duron. Babu wanda ya gan ni.