Hanyar Sidi Ifni

Mirleft, ranar Laraba

Ikram 'yata,

Ina gaishe ki. Ya garin Meknas, ya maigidanki da yara? Tarin Anas ya lafa?

Muna lafiya. Motar nan mai ɗaki da babanki ya dage sai ya saya ta fi yadda na zata, har da murhu da wurin wanka. Hanyar ce dai duk kwana a kan duwatsu, ga teku can ƙasa. Kullum muna gasa kifi.

Tun daga Agadir ni ke tuƙi. Ba wani abu ba ne. Mun tsaya shan mai, babanki ya dawo ya zauna yana jujjuya makulli, ya ce, "Zubida, ina ake sa wannan?" Na ce, "Kawo, Si Larbi, ka daɗe kana jan mu, huta." Ya yi dariya ya miƙo mini.

Ki nema mana ganin likitan ƙwaƙwalwa ƙarshen wata, amma kada ki yi wa babanki zancen a waya. Ba za mu juyo ba tukuna. Sidi Ifni yake son gani, inda ya fara koyarwa, kuma har yanzu yana tuna sunan kowane titi.

Allah ya yi miki albarka.

Mamanki