Layin da Na Sa wa Hannu

Toledo, 9 ga Oktoba

Yaya Marcy,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwar taki? Ina fatan maigidanki Dale ya daina gardama da likita.

Kin tambayi labarin ofis. Shekara ashirin da biyu ina tsara takardun fansho a kamfanin wasu, har na yi tsammanin na san doka. Da na buɗe nawa a ɗakin Mama, na yi rajistar kamfani, na sayi inshorar kuskure, sai na fita neman lasisi. Ofishi huɗu na taka, kowanne ya ce aikina ba ya buƙatar lasisinsu. Mai aski ma sai da lasisi, amma mai taɓa tsufan mutane ko oho! Wannan ne ke ba ni tsoro. Da an gwada ni, da na san inda ramin yake.

Ga shi na faɗa ciki. Vern Hostetler, mai gidan burodi, shi kaɗai ne ya kawo mini aiki. Ranar da wa'adin takardar fanshon ma'aikatansa ta shekara zai cika yana bakin tafki yana kamun kifi. Ya ce mini a waya, "Haba Lorraine, sarkin karatu! Katinki ya ce ke mai gudanarwa ce, layin sa hannun ma haka ya ce. Sa hannu mana, kifi na jira." Na sa.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Lorraine

21 ga Oktoba

Yaya,

Ina fatan kina lafiya.

Lauyata ta fassara mini kalmar nan "mai gudanarwa", ni mai gyara wa jarida nahawu. A katina ma'anarta magatakarda. A layin nan kuwa ma'anarta mai riƙon amanar asusun fanshon, wanda ake iya kamawa da dukiyarsa ta kansa. Inshorata ba ta kai nan ba. Shi kuma Vern yana cire kason fanshon ma'aikata goma sha ɗaya daga albashi, ya riƙe watanni kafin ya zuba a asusun. Mai bincike daga gwamnati zai zo ranar Alhamis. Idan aka ɗora mini, rabina na gidan Mama ne a bakin wuta, gidan da muka mallaka ni da ke. Shi ya sa dole ki sani.

Na zagi Vern har muryata ta dushe. Amma ga abin da ban faɗa wa lauya ba: tun watan Maris na ga jinkirin. Na yi shiru, don idan ya tafi ba ni da kowa.

Gobe zan faɗa mata, Alhamis kuma in faɗa wa mai binciken. Ki zo ki zauna a kicin, ko ba za ki yi mini magana ba.

Taki har kullum,
Lorraine