Laka Tsakanin Yatsu

Juma'a, 7 ga Agusta, 1981

Ƙungiyarmu Zumunta 2, masuntan Jabal Awliya 1. Mun kai wasan ƙarshe na kofin unguwanni. Muryata ta dishe, ko mai shayi ban iya kira ba. Sun fi mu gudu, wannan gaskiya ce, amma sun tarar da Dogo a raga. Sau biyu yana ture ƙwallon da ni kaina na riga na sallama. Mutane suna ta bubbuga mini kafaɗa, wai ɗan gola ya gaji ubansa. Na ce musu ƙwallon ce ba ta zo da ƙarfi ba. To me zan ce? Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa na yanka ba, balle in tsaya a gaban mutanen Umbadda ina yabonsa. Ba don 'yan unguwa sun laƙaba masa Dogo ba, da har yau “kai” nake ce masa.

Juma'a mai zuwa mu da Alhilla Kuku, a filinmu.

Lahadi, 9 ga Agusta

Tashirar Dogo, wato biza, ta fito. Kawunsa Muhammad Sani, yayan matata Kubra, ya samo masa aikin tuƙi a Jidda. Kubra ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo, ka ce ba ɗanta ne zai bar ƙasa ba. Shi kuwa ya ce ba inda za shi sai an buga wasan ƙarshe, ya riga ya ba 'yan wasa magana. Ni ina yankan naman agashe, tsiren da nake sayarwa, ban ɗago kai ba. Na yanke a yatsa. Ɗan kaɗan ne.

Alhamis, 13 ga Agusta

Hadari daga gabas tun azahar. Gawayi ya jiƙe, ba ciniki.

Juma'a, 14 ga Agusta

An ɗage wasa.

Tun da gwiwa ta raba ni da raga, taka fili a kaina yake. Mu ba manyan kulob ba ne da ake aiko musu mai dubawa da hula da takarda. Dattijon masu gida ne zai tuɓe takalmi da hantsi, ya taka daga raga zuwa raga. In laka ta ɓullo ta tsakanin yatsunsa, ba wasa. In ba ta ɓullo ba, a busa. Daga nan ya je kantin magani ya buga wa baƙi waya, kada su cika lori su ƙetare gada biyu a banza. Abin da ya faɗa shi ne, ba a taɓa bin bayan mai taka fili a sake dubawa ba.

Yau kam ko takawar ba a buƙata. Agwagin Talatu maƙwabciyar fili suna iyo daidai inda ake buga fanareti. Na dai shiga don cika al'ada, laka har idon sawu. Na kira Abdulganiyu, dattijon Kuku, tsohon ɗan gaban da ya sha zura mini ƙwallo muna samari. Ya ce, “Malesh, a yi haƙuri, sai wata Juma'ar. Ku ƙara cin agashe kafin mu zo.”

A hanyar gida na tsinci kaina ina waƙa. Ban ji daɗin haka ba, amma ban daina ba.

Litinin, 17 ga Agusta

Dogo ya sayo akwati a kasuwar Suk Libya, ja, mai kwaɗo. An ajiye shi a ɗakina, wai nan ne ba ya yoyo. Kullum sai na yi tuntuɓe da shi.

Juma'a, 21 ga Agusta

An sake ɗagewa. Ni na ɗage.

Yayyafi kawai aka yi ran Laraba. Na taka fili daga wannan raga zuwa waccan, ƙasa tauri kamar daɓen ɗaki. Sai bakin ragar da ke wajen kwari, nan ne da ɗan danshi, faɗin tabarmar salla. Na ɗora ƙafa, na danna da dukan nauyina, na murza. Ba abin da ya fito. Na sake murzawa.

Na je na buga waya na ce bai tsane ba. Abdulganiyu ya ce, “Ya zol, mutumina, mu nan ƙura muke sha.” Na ce can Kuku ne, nan Umbadda. Ya ce, “Halas, shi ke nan. Kai ka taka.” Da ya yi mini gardama da ya fi mini sauƙi.

Duk ranar taka fili Kubra takan ajiye mini buta da baho a bakin ƙofa. Ta ajiye. Ta dubi ƙafafuna, ta ɗauki butar ta juye wa bishiyar lemo. Ta koma ciki.

Asabar, 22 ga Agusta

Na zagaya ta bayan masallaci don kada in bi ta fili. Daga can ma ana hango ƙurar masu atisaye.

Talata, 25 ga Agusta

Dogo yana taya ni juya tsinke, hayaƙi a tsakaninmu, ya fara da Larabci kamar yadda yaranmu suke yi in magana ta yi musu nauyi, sannan ya dawo Hausa. Tashira za ta mutu farkon Satumba. Jirgin ƙasan da zai kai shi Bur Sudan ya riski na ruwa, ran Litinin ne. In ba a buga wannan Juma'ar ba, shi ke nan.

Na ce, “To ka tafi mana. Wasa ne. Ɗantani, golanku na biyu, ya tsare raga.” Ban san ta yadda bakina ya faɗi haka ba.

Ya ce, “Yaba, na ce musu zan tsaya.”

Bai tambaye ni fili ba. Kuma na san ya bi ta wajen ran Juma'a, an faɗa mini. Wannan rashin tambayar ya fi komai ci mini rai.

Bayan la'asar Kubra tana tankaɗen ƙuli, ba ta ko dube ni ba ta ce, “Malam, in ba ka so ya tafi, ka gaya masa da bakinka. Kada ka sa fili ya yi maka magana.” Na ce mace me ta sani game da ƙwallo. Ta ce ta dai san ƙafar da ta taka laka.

Ba na so ya tafi. Ga shi na rubuta. Wa zai riƙe mini wuta in gwiwa ta ƙi? Ba ma wutar ba. Ni dai in ɗaga kai in gan shi.

Sai Baba yake ta faɗo mini a rai. Ya baro ƙasar Kano da ƙafa, Makka za shi. Ya tsaya Gezira tsinkar auduga don ya haɗa guzuri. Kowace shekara sai ya ce baɗi. Sandarsa da gorar ruwansa suna rataye a bango har muka binne shi, bai ko ga teku ba. Ina yaro ina jin haushin baɗin nan. Amma shi ba wanda ya tare masa hanya. Wannan kuwa ni ne na tsaya masa.

Laraba, 26 ga Agusta

Ruwa na gaske, kamar da bakin ƙwarya, daga hantsi har la'asar. Kwari ya cika ya tumbatso, katangar Ibrahimu tela ta zube. Fili ya koma Nilu, sandunan raga kaɗai ake gani. Abin da na yi ta roƙo a ɓoye ne aka ba ni. Yanzu ba sai na yi ƙarya ba.

Ban yi waƙa ba.

Alhamis, 27 ga Agusta

Daga masallaci na wuce da shebur. Na ce zan ɗan duba ne. Na fara haƙa lambatu daga bakin raga zuwa kwari don ruwa ya sami hanya. Kafin rana ta ɗaga mutane sun taru, abin ya zama gayya, ko nafir kamar yadda samari ke cewa. Ɗantsoho mai keken jaki ya yi ta jigilar yashi har jakin ya yi zuciya ya kwanta a tsakiyar fili. Talatu ta fito tana masifa, mun kwashe wa agwaginta tafki. Wani ya ce, “Malam Mika'ilu, makon jiya fili a bushe ka ce da laka, yau da laka kana neman ya bushe?” Aka yi dariya. Ni ma na yi, kunnena yana zafi.

Can Dogo ya zo. Ya karɓi shebur daga hannuna, ya nuna mini inuwa da haɓa. Na zauna. Bayana kamar an daka.

Juma'a, 28 ga Agusta

Kuku 2, Zumunta 1. Kofi ya ƙetare gada.

Ban yarda na taka ni kaɗai ba. Na buga waya na ce wa Abdulganiyu ya zo da mutanensa, mu taka tare. Muka tuɓe takalma, tsofaffi biyu, jama'a na kallo. Tsakiya lafiya. A kusurwar kwari na ga laka ta ɓullo masa tsakanin yatsu, baƙa ƙirin. Ni ma haka. Ya dubi sama, ya goge ƙafar a bayan ɗaya ƙafar, ya ce, “Kwayyis, lafiya lau. Ya bushe ƙayau.” Allah ya saka masa, ko da yake har yanzu ina jin haushin ƙwallayensa.

Ƙwallo ta biyun da aka ci mu, yashina ne ya jawo. Ƙwallon ta faɗa cikinsa ta mutu, Dogo ya riga ya faɗi gefe, ɗan gabansu ya zo ya tura ta kamar mai korar kaza. Amma kafin nan an ba su fanareti. Ya yi tsalle hagu ya cafke ta da hannu biyu, ya tashi duk jikinsa laka. Sai na ji wani yana ƙwala sunansa na yanka, da ƙarfi, har sau biyu. Mutane suka juyo suna kallona. Shi ma ya juyo, ƙwallo a ƙirji.

Ɗantsoho ya ce, “Yau kuma?” Na ce zafin wasa ne.

Litinin, 31 ga Agusta

Tashar jirgi a cike. Kubra da ta yi guɗa ita ce ta yi kuka har mayafi ya jiƙe. Ta cusa masa ƙunshin yajin agashe a jan akwatin. Ya durƙusa ya kama hannuna. Na shirya magana tun daga gida, amma abin da ya fito shi ne ya riƙa kula da gwiwarsa. Ya ce, “To, Yaba.” Bai saki hannun da wuri ba, ni ma ban janye ba.

A kan gada muna dawowa na ga hadari yana haɗuwa ta gabas, ta inda jirgin ya nufa. Ruwa yakan wanke hanyar jirgi a irin wannan lokaci, a kwana biyu a daji ana jira. Na ce Allah ka riƙe shi tukuna, ka bar yaron ya isa. Kubra ta ji, ta ce amin, ba ta dube ni ba.

Ɗaki ya yi faɗi. Na shiga na ɗaga ƙafa a inda akwatin yake, ba komai a wurin.

Ƙasimu ya tafi. Ƙasimu. Ba wanda zai karanta wannan, ai.