Ni na ja katin, sunanta ya fito

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, domin zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina.

Ni ɗan kasuwa ne a Yamai. Ban yi lakkal, wato boko, mai zurfi ba. A Babbar Kasuwa na fara, da tebur guda na tocila da batir, har Allah ya buɗa mini na koma harkar kayan sola. Yau ina da kamfani mai ekip uku, wato rukunin ma'aikata uku: masu sayo kaya da kula da magaza, ɗakin ajiyarmu, masu fita su girka, da masu amsa kiran jama'a idan abu ya lalace. Da aiki ya yi yawa sai kaina ya daina ɗauka, ekip ɗaya ba ta san abin da ɗaya take ciki ba. Shi ne na ɗauko Madam Rahila, ƴar Dogondutsi, Kirista ce, mace mai natsuwa wadda ba ta san kwana-kwana ba. Ita ta kawo mana tsarin allo a ordinata, wato kwamfuta. Kowace ekip da allonta, kowane aiki da katinsa, kuma allon layi uku ne: Ana jira, Ana yi, An gama. Kullum da safe a yi taron tsaye na ƴan mintuna, kowa ya faɗi inda katinsa yake. Babban aiki kuwa, wanda ekip ɗaya ba za ta iya ɗauka ba, sai ta yi masa kati guda da take kira uwa, ya fito a duka alluna uku da kuma taswirar ayyukan shekara, sannan kowace ekip ta riƙe ɗa ɗaya daga cikin ƴaƴan uwar. Idan ɗa ya motsa a allon wasu, uwa za ta nuna wa kowa. Ranar da ta gwada mana na yi dariya na ce, “Madam, yanzu har kati ma haihuwa yake?” Ta ce, “Patron, yana haihuwa, kuma uwar ba ta ɓoye laifin ɗanta.”

A farkon zafin bana muka samu aiki mafi girma a taswirarmu: canza wa ƙungiyar masu garka, wato lambu, a unguwar Gamkalley ta bakin kogi injinan ban-ruwa na esans, masu shan fetur, mu sa musu famfunan sola. Tsarin a fili yake. Masu magaza su kawo famfuna, idan katinsu ya shiga An gama sai masu girkawa su je su cire tsofaffin injina da bututu su dasa sababbi. Tsofaffin ma an riga an yi musu mai saye, ranar da aka cire su ranar zai kwashe.

To ga inda na shigo. Wata Talata da hantsi mai kawo mana kaya ya zo biro, wato ofis, muka sha shayi, muka daidaita, muka tafa, ya ce kamyo, babbar motar da ta ɗauko famfunan, yana hanya. Na ce, “An gama?” Ya ce, “An gama, Alhaji.” Duk wanda ya tashi a kasuwa ya san wannan kalma. Idan an tafa an ce an gama, magana ta ƙare, saura Allah ya kawo kaya. Shekara nawa ina rayuwa a kanta? Ina raka shi na dawo, na ga ordinatar Madam a buɗe, ta fita cin abinci. Ni kod ɗina, lambar sirrin shiga allo, tun ranar da aka ba ni na manta shi, kuma kunya ta hana ni tambaya. Na ga katin famfuna zaune a Ana yi, sai na ji kamar ana raina cinikina. Na sa hannu na ja shi zuwa An gama. Uwar ta koma kore a alluna uku, alamar famfuna sun iso. Har wani daɗi na ji, wai yau ni ma na taɓa abin ƴan boko.

Ban san cewa a allo kalmar nan ba ta kasuwa ba ce. Ko in ce an gaya mini, ban saurara ba. A allo, an gama yana nufin kaya suna cikin magaza, an ƙirga, an gwada. Ranar Laraba Madam tana unguwar Banifandu wurin wani aiki, Sanusi shugaban masu girkawa ya ga kore, ya kwashi mutanensa suka tafi Gamkalley suka cire injina, mai saye ya loda ya wuce. Suka zo magaza ɗaukar famfuna, babu ko ɗaya. Kamyo ya lalace a hanya. Kwana tara garake ba ruwa sai na bokiti, cikin wannan rana ta Yamai. Na je da kaina na gani. Salati ya kwanta, kabeji ya ƙone daga baki, mata da tsofaffi suna jido daga kogi. Shugaban ƙungiyar, Baba Hamani, dattijon Bazabarme mai Hausar kasuwa, bai ɗaga mini murya ba. Ya tsinko ganye ɗaya ya murza ya zama gari, ya zuba mini a tafin hannu ya ce, “Alhaji, ka kai wa allonku wannan, ka ce Gamkalley tana gaisuwa.”

Da muka koma biro Sanusi yana huci. Ya ce, “Ni kore na gani! Wa ya ja katin? A buɗe tarihi a gani!” Ashe allon yana rubuta duk wanda ya taɓa shi. Aka buɗe a gaban kowa. Sunan Rahila ne ya fito, da ranar, da lokacin. Sanusi ya ce, “Lalle! Mai dokar barci ta ɓige da gyangyaɗi.” Wasu suka yi dariya. Ta daɗe tana kallon lokacin da aka rubuta, sannan ta ɗago ta dube ni. Ni kaɗai ne a biro a wannan sa'a, ta sani, na san ta sani. Me ya hana ni buɗe baki? Kalma huɗu ce fa: ni ne na ja. Amma na tuna yaran nan masu digiri da nake wa faɗa kullum, na ga yadda za su riƙa labarin Patron da bai san kod ɗinsa ba, wanda ya shanya garake don bai fahimci layi uku ba. Sai na ji bakina yana cewa, “Kuskure ne, kowa yana yi, a wuce wurin.” Na yafe mata laifina a gaban jama'a. Akwai rashin kunyar da ta fi wannan?

Bayan an watse ta shigo ofishina ta rufe ƙofa. Na shirya wa faɗa, amma ba ta yi ba. Ta ce, “Patron, laifina ɗaya ne, na bar ordinata a buɗe. Shi zan ɗauka. Sauran ba nawa ba ne.” Na ce, “Madam, a bar maganar, zan gyara miki ta wata hanya.” Ta ce, “Wace hanya ce ke wanke suna ban da baki?” Ta fita.

Famfuna sun zo, an dasa, na ba masu garka iri da taki, wannan ɓangaren na iya shi. Abin da ban iya ba shi ne abin da ya biyo baya. Yanzu ba wanda ya yarda da allo. Sanusi ko ya ga kore sai ya hau babur ya je magaza ya taɓa kaya da hannunsa. Masu amsa kira sun koma rubutu a takarda. Idan Madam ta yi magana a taron tsaye sai wani ya ce, “An gama na gaske, ko irin na Gamkalley?” Labarin ya fita waje, kuma Yamai ƙarama ce ga masu irin aikinta. Matar da a da take shigowa ta ce mini “Patron, wannan shawarar taka ba ta yi ba,” yanzu gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Sai da ta yi shiru na gane ita kaɗai ce take gaya mini gaskiya a ginin nan, sauran duk “to, Patron” ne. A da a kasuwa mu takwas muke sa hannu a tire ɗaya, ana tsiya ana dariya. Yau ana kawo mini abinci a kula, in rufe ƙofa, in ci ni da ƙarar na'urar sanyi. Matata ta tambaye ni me ke cina, na ce ciwon kai ne. Abokaina na kasuwa in na gaya musu cewa za su yi, “Don wannan? Ai kai ne mai wuri.” Shi ya sa na kawo muku, ku da ba ku san fuskata ba.

Jiya Madam ta ajiye mini takardar barin aiki, ƙarshen wata za ta tafi. Ta haɗa da takardar shaidar aiki da take so in sa wa hannu. Kuma ranar Juma'a akwai zaman waiwaye, wanda ekip uku suke haɗuwa su duba abin da ya lalace. Ta yi sabon kati uwa, ya fito a duka alluna, ta rubuta masa: “Gano yadda katin Gamkalley ya motsa.” A wurin mai aikin ta sa sunana. Ta kuma rubuto mini sabon kod a ƴar takarda, ta ɗora bisa teburina.

Idan na faɗa, ban san da wane ido zan ƙara tsayawa gaban Sanusi ba, kuma wataƙila duk da haka ta tafi. Idan na yi shiru na sa hannu, za ta bar kamfanina da tabon da ni na shafa mata, ni kuwa in ci gaba da zama Patron a ɗaki ni kaɗai. Ban taɓa cin amanar abokin ciniki ba, ko sau ɗaya, da wannan nake taƙama. Ashe ban gamu da cinikin da girman kaina ke ciki ba ne.

Katin yana nan a layin Ana jira, da sunana a jikinsa, kuma yanzu ba ni da ordinatar wani da zan fake da ita. Saura kwana uku. Jama'a, me zan yi?