Alfadaran da ke Ƙasan Rami

Zuwa ga Yaya Maudie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara.

Yajin aiki ya yi nisa. Kamfanin kwal ya fitar da mu daga gidajensa, kowa na tanti a bakin rafi. Ni kaɗai nake sauka rami, don alfadaran jan kwal suna can ƙasa, ba mai ba su ruwa. Tsoho Hobart, shugaban ƙungiyarmu, shi ya ce in riƙa kai musu ciyawa, kada dai in taɓa diga. Sai dai mu biyu ne lokacin da ya faɗa, ga shi an kulle shi. Yanzu in na wuce, maza juya mini baya suke yi. A coci benci guda nawa ne ni kaɗai. Ban ga laifinsu ba.

Ƙaninki,
Virgil

Virgil,

Muna lafiya. Labarinka ya riga wasiƙarka isowa. A shago wata ta tambaye ni ko ni ce yayar maci amanar nan. Ramin nan ya cinye huhun Baba, amma bai taɓa saɓa wa 'yan'uwansa ba. Dabbobin na kamfani ne, kamfani ya ji da su. Tun kana yaro haka kake, shiru-shiru da taurin kai. Ka daina sauka, don Allah. Kuma ka riƙa cin abinci.

Yayarka,
Maudie

Yaya,

Ina gaisuwa. Na daina sauka. Jiya da hantsi na fito da su duka. Dabbar da ta shekara a duhu, rana makantar da ita take yi, sai na yayyaga rigunana na ɗaure musu idanu. Manaja ya ce kada ya ƙara ganina a rami, ko bayan yaji.

A bakin rami wata tsohuwar alfadara ta turje. Elbert, abokina na da, ya fito daga cikin maza masu yajin aiki ya kama igiyarta. Ya ce mata, "Taho, 'yar tsohuwa, ciyawa ce kike takawa." Ya raka mu har makiyaya, da ita kaɗai yake ta hira.

Ko akwai aiki a wajenku?

Ki huta lafiya,
Virgil