Nauyin da Ya Ragu a Sandar Fatsa

Badarawa,
ranar Jumma'a.

Zuwa ga Yaya Bilyaminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Sadiya da yara. Ya Ƙaura, ya hidimar mota? Inna na gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi.

Yaya, ka tuna sandar fatsar da ka kawo mini da gona ta gagare mu zuwa saboda 'yan bindiga? Ka ce laba ukun da aka rubuta a jikinta ba nauyin kifin da za ta ɗaga ba ne, nauyin da ke lanƙwasa kanta ne har ya kalli ƙasa. Ka ce in babba ya kama, kada in yi ja-in-ja da shi, in bar sandar ta sha wahalar, in riƙa sakin zare.

Ranar Talata da hantsi ina bakin gulbi, ruwa ya cika maƙil, sai harbi ya tashi daga tsallake. Mutane suka fito a guje, 'yan bindiga a kan babura na biye da su. Wata mata ta faɗa ruwa, ya kwaso ta ya yo wajena. Ka san ban iya iyo ba. Na jefa fatsa, Allah ya sa ƙugiya ta kama zanenta.

Sandar ta lanƙwashe har gindi, tana ƙara kamar za ta karye. Harsashi na ta wucewa. Na riƙa sakin zare ina bin gaɓa, ruwa na karkato ta gefe sannu-sannu. Ana cikin haka na ji sandar ta ɗan miƙe, nauyi ya ragu. Wallahi har hamdala na yi.

Na kamo hannunta, muka lafe cikin ciyawa har baburan suka tafi. Bafulatana ce, sunanta Iyatu. Da ta farfaɗo sai ta kai hannu bayanta, ta shafa, ta sake shafawa. Ashe da goyo ta shiga ruwa.

Mun bi gulbi har la'asar, majanyi kaɗai muka gani. Liman ya ce ƙaddara ce, ruwa ne ya kwance goyon. Ni dai tsoro nake ji ko ƙugiyata ce ta ja zanen.

Ana cewa 'yan bindigar za su tsallako in ruwa ya janye. Don Allah ka zo da mota ka kwashe mu, har da ita. Tana ɗakin Inna, ba ta cin abinci. Kowace safiya sai ta durƙusa ta yi mini godiya, ni kuwa in kasa duban idonta.

Ka sa mu a addu'a. Wassalam.

Ƙaninka,
Armiya'u