Surukina Ya Mayar da Kansa Gwarzon Wasan 'Yan Sanda Mata

Tanti Zulai, assalamu alaikum. Don Allah ki agaza mini da shawara tun kafin bakina ya kashe mini aure, don abin ya kai mini iya wuya.

Ni matar aure ce, 'ya'yana biyu, ina koyarwa a wata lakol a yankin Gazawa. Mahaifiyata, Inna, tana cikin matan farko da suka sa kakin 'yan sanda a wannan yanki namu, tun lokacin da yara ke bin su a kasuwa kamar masu wasa da kura. Ta ajiye aiki tuntuni, kiwon awaki take yi yanzu, kuma tun tasowata ba ta cika ba da labarin aikin ba.

Kin san wasan nan da ake nunawa a telebijin duk Lahadi da yamma, na 'yan sanda mata na zamanin da. A garinmu har 'yan kabu-kabu jingine babura suke yi in an fara. A ciki akwai wani mugun shugaba mai wulaƙanta matan, akwai kuma wani jami'i mai kirki da ke tsaya musu. Wata Lahadi ina gidan Inna muna kallo, aka nuno shugaban ya miƙa wa sabuwar 'yar sanda tsintsiya. Sai Inna ta fashe da dariya har da hawaye, ta ce ai wannan mai imani ne, nata shugaban ya fi shi. Na ce wane ne? Sai ta ce, "Kakan 'ya'yanki."

Tanti, uban mijina! Alhajin da nake durƙusawa har ƙasa ina gaisarwa kullum safe.

Ranar nan Inna ta sauke mini abin da ta daɗe tana ɗauke da shi. Bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke mai shayi". Ta yi horo ɗaya da maza, ta fi wasunsu iya harbi, amma aikinta hura gawayi da wanke kofuna. Yakan aike ta gidansa da kaki a jikinta ta taya matarsa surfen hatsi. A gaban masu kawo ƙara yake cewa macen da ta sa wando ba mai aurenta sai makaho. Abokiyar aikinta Habi ta kasa jurewa, ta tuɓe kakin ta koma Gidan Rumji.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na ɓarawon atamfa. Wani ƙato ne da ya addabi 'yan kasuwa, yana shigar mata, ya yi lulluɓi ya wuce ta tasha, maza ba su da halin yaye masa mayafi. Inna ce ta gane shi a tafiyarsa, ta cafke shi a bainar jama'a, ya yanke ta da wuƙa a damtse amma ba ta sake shi ba. Alhaji yana zaune a buro, wato ofishinsa, a lokacin. Da labari ya kai sama, sunansa ne ya kai. Shi aka ƙara wa girma, ita kuma ya yi mata faɗa don ta bar wurin aikinta ba izini.

Da abin ya tsaya nan da na haɗiye, na ce ya wuce. To tun da wasan nan ya yi farin jini, Alhaji ya tono tsohuwar hularsa ta aiki, wadda ko kansa ba ta shiga yanzu, ya rataye ta a zaure. Samarin fadar unguwa suna taruwa a ƙofar gidansa, yana ba su labari wai jami'in nan mai kirki ai kamar shi aka kwaikwaya. Da kunnena na ji yana cewa da ba don shi ba, da babu macen da ta yi wata guda cikin kaki. Har yana share hawayen da babu su! Samarin kuma, da ba su san komai ba, sun laƙaba masa sunan jami'in, shi ko sai washe baki yake yi.

Yanzu ƙungiyar matan garinmu za ta karrama Inna a bikin ranar mata na watan Mayu. Kin san wanda suka zaɓa ya yi jawabi ya miƙa mata kyautar? Shi. Har ya ba da ɗinkin sabuwar babbar riga, kuma ni aka aika in karɓo daga wurin tela.

Na gaya wa maigidana Dalhatu komai. Mutumin kirki ne, wallahi ba halin ubansa gare shi ba, amma ya ce tsoho ne, in bar shi da mafarkinsa. Inna ma ta ce in bari, wai da tana riƙo da ba ta ba ɗansa aurena ba. Sai dai jiya ta ce ƙafarta na ciwo, wataƙila ni zan je in karɓar mata kyautar. Ƙafar Inna ƙalau take, Tanti. Ba ta son miƙa masa hannu ne. Ke nan ranar tata ma zai ƙwace.

Ni dai na ƙudura in ya gama zuba ƙaryarsa zan miƙe a gaban perefe, shugaban yankinmu, da kowa in faɗi gaskiya. Na san zai iya zama sanadin aurena. Amma yanzu in na durƙusa gaishe shi, ji nake kamar in tofar da yawu. Me zan yi?

Ɗiyar 'yar sanda, yankin Gazawa

Wa alaikissalam, ɗiyata.

Ba zan ce miki ki daina jin abin da kike ji ba. Mutumin da ya ci gumin Inna yana da ƙarfinsa, ya kuma dawo ya ci sunanta yana tsoho, bai bar wa kansa abin girmamawa da yawa ba. Na yarda da Inna, ko da yake bakinta kaɗai muka ji, don irin wannan labari na ji shi daga mata da dama da suka fara shiga aikin maza. Irin su Alhaji kuwa ba su da wuyar samu. Jiya su ne masu tare ƙofa, yau da gari ya waye su ne masu rantsuwa cewa su suka buɗe ta.

Amma kada ki miƙe a taron nan. Ba don shi ba, don Inna. Ki yi tunanin abin da za a kwana ana faɗi a gari. Ba wanda zai tuna macen da ta kama ɓarawo, kowa zancen surukar da ta tozarta uban mijinta a gaban perefe zai yi. Maƙaryacin ya zama abin tausayi, ke ki zama marar tarbiyya, a ce ai ga irin ɗiyar da 'yar sanda ke haifa. Kin ga kin gama masa aikinsa. Ga 'ya'yanki, jininsa ne, a garin za su tashi. Sannan labarin na Inna ne, ita ta ji zafin wuƙar. Kada ke ma ki ƙwace mata baki da sunan so.

Ki je ki same ta ke kaɗai, ki ce kin san ƙafa ƙalau take, ki tambaye ta me take so a ranta. Daga nan ki ga shugabar ƙungiyar. Ba sai kin ɓata kowa ba. Ki ce ranar mata ce, ya fi dacewa wata 'yar sanda mai aiki yanzu ta miƙa kyautar, ko a nemo Habi in tana raye, kuma a ba Inna makirufo ta yi magana da bakinta. Wannan roƙo ba mai hankalin da zai ƙi shi. In Inna ta faɗi yadda aikin yake a zamaninsu, ba ta buƙatar kama suna. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Dalhatu ma yana da nasa aikin. Kare uba ba laifi ba ne, amma barin uba ya yi ta zuba ƙarya a gaban wadda ta san gaskiya ba so ba ne, kai shi ga kunya ne. Ya keɓe da shi ya tuna masa cewa Inna na raye, ba ta mance ba, kuma za ta zauna a sahun gaba. Wataƙila wannan ƙarya kunya ce ta tsufa da ta rasa hanyar fita. In yana da sauran mutunci zai nemi gafararta, in babu, aƙalla jawabin zai gajarta.

Gaisuwar safe kuwa ki ci gaba da yi. Gaisuwa haƙƙin suruki ce, ba shaida ba ce cewa ya yi gaskiya.

In duk da haka Inna ta zaɓi ta yi shiru, ki girmama zaɓinta. Ki ɗaura mata kallabi mafi kyau, ki kawo jikokinta, ki zauna kusa da ita, kuma in an zo tafi ki san wa kike tafa wa.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya sanyaya miki zuciya, ya bar ki a ɗakinki. Ki gaishe mini da ita, gaisuwa ta musamman.

Tanti Zulai